Yadda ake motsa jiki a kan ƙaramin tarampolin don rage ƙiba ba tare da gwiwa ta sha wuya ba

Daga Maris zuwa Mayu, duk mazaunin Garwa, Marwa, Kuseri ko Injamena ya san shawarar nan ta "ka riƙa fita gudu" ta fi sauƙi a baki. Ƙarfe takwas na safe rana ta riga ta buɗe, kafin azahar zafi ya haura digiri 40. In hunturu ya shigo kuma ƙura ce ke cika maƙogwaro. Mai jiki da ya daure ya fita kan kwalta, mako bai zagayo ba gwiwa ta fara ƙorafi. Matan aure da yawa kuwa maganar gudu a bakin titi ba ta ma taso ba. Irin waɗannan mutanen ne ƙaramin tarampolin ya fi yi wa rana, domin a cikin ɗaki ko a inuwar tsakar gida ake hawansa.

Zoben ƙarfe ne mai faɗin kusan mita 1, a kan gajerun ƙafafu, tsayinsa daga ƙasa bai cika wuce santimita 25 ba. A tsakiya akwai shimfiɗa mai ƙwari da aka ɗaure ta kewaye da sifirin ko da igiyoyin roba. Babban wansa shi ne wanda George Nissen da Larry Griswold suka ƙera a Jami'ar Ayowa ta Amurka a shekarun 1930, wanda ya shiga gasar Olamfik a Sidni a 2000. Wancan na masu alkafura a sama ne. Namu na aiki ne a hankali, kuma amfaninsa ɗaya ne babba: idan ƙafa ta sauka a kan siminti, nan take take tsayawa, duk nauyin ya dira a idon sawu da gwiwa da ƙugu. Shimfiɗar tarampolin kuwa lotsawa take yi, sai nauyin ya sauka sannu-sannu. Zuciya da huhu na aiki, gaɓoɓi na samun sauƙi.

Wajen saye

Abu na farko da za ka nema a jikin kwalin shi ne iyakar nauyin da yake ɗauka. Da yawa ana rubuta kilo 100 zuwa 150. Ka hau sikeli kafin ka tafi kasuwa, kuma ka zaɓi wanda ya ɗara nauyinka da tazara mai kyau. Mai sifirin ya fi araha, sai dai ya fi tauri kuma yana ƙara, har maƙwabcin da kuke raba katanga zai san ka fara. Mai igiyar roba ya fi taushi kuma shiru yake, amma ya fi tsada, kuma roba ba ta shiri da ranar ƙasar nan. Dattijo, ko mai ƙiba sosai, ko wanda jiri ke ɗiba, ya nemi mai sandar riƙewa a gaba.

In na gwanjo ne, juya shi ka duba ƙasansa. Ƙirga sifirin ɗin, ko ɗaya bai kamata ya ɓace ba. Bi ɗinkin bakin shimfiɗar da yatsa, domin daga nan take fara yagewa. Ajiye shi a ƙasa ka danna kowane gefe ka ga ko wata ƙafa na lilo. Masu walda namu gwanaye ne, za su iya gyara maka ƙafar da ta karye, amma ban ba da shawarar a ƙera maka sabo da tamfol da robar tayar babur ba. Ranar da zai ɓalle, kana kansa ne.

Inda za a ajiye shi

Daɓe mai daidai ake so. A kan tayil yana zamewa, don haka a shimfiɗa tsohon kafet ko robar ƙasa tukuna. A kan yashin tsakar gida ƙafafun na nutsewa ba daidai ba, ya karkace, kai kuma ka riƙa sauka a gefe guda ba ka sani ba. A bar fili kamar taku biyu ta kowane ɓangare, babu turmi, babu murhu, babu kan gado.

Sai ka ɗaga kai. Hau shi a tsaye, miƙa hannuwa sama gaba ɗaya. In yatsunka na kusa da fanka ko silin, a canza wuri, ko a kashe fankar silin a kunna ta tsaye. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ɗakunanmu masu gajeren rufi.

Tufa kuma: wando da riga mara nauyi. Zani da doguwar riga na harɗe ƙafa, bakinsu kuma na iya shiga tsakanin sifirin. Ko dai ƙafa tsirara ko kambas mai igiya. Safa kaɗai santsi take, silifa kuma ba ta zama a ƙafa.

Hawan farko

Taka ka hau, kada ka yi tsalle ka faɗa kai. Tsaya a tsakiya, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, gaba ya ɗan rusuna daga ƙugu, ciki a ɗan tsuke. Zaɓi abu ɗaya a bango, ƙusa ko kalanda, ka kafa masa ido. Mai kallon ƙafafunsa shi jiri ke fara kamawa.

Yanzu ga abin da ya raba wanda ya iya da wanda bai iya ba. Duk wanda ya hau karon farko sama yake son tashi, domin haka muka ga yara na yi a kan katifa. A wannan aikin ƙarfin ƙasa ake kai shi. Ka tuna mai daka: ƙarfinta duka wajen saukar da taɓarya yake, dawowarta sama kusan da kanta take yi. Haka za ka riƙa danna shimfiɗar da dukan tafin ƙafa, har da diddige, ka bar ta ta maido ka. Kanka ya kasance kusan wuri ɗaya, ƙafafu da cinyoyi ne ke aiki. A kwanakin farko ma tafin ƙafarka ba sai ya rabu da shimfiɗar ba. Danna, saki, danna, saki. In ka ji sharaɓarka ta ɗaure kamar za ta tsinke, a kan yatsu kake sauka, sai ka mayar da nauyin baya zuwa diddige. In kuma bayanka ne ke amsawa, gwiwoyinka sun miƙe ƙyam, ka sassauta su.

Wata yayata da ta fara a bara, da ta ga ana wannan ɗan danne-dannen sai ta ce, "Haba ƙanena, wannan ai ko jaririna zai yi." Kafin minti uku ta kama sandar da hannu biyu, zufa na ɗiga daga haɓarta kan shimfiɗar, tana tambayar ko agogon ya tsaya ne. Abin yana da yaudara: ido na ganin wasa, cinya na jin aiki.

Minti 3 zuwa 5 sun isa a makon farko. Wajen sauka, tsaya cak har shimfiɗar ta daina motsi, sannan ka taka ƙasa da ƙafa ɗaya. Za ka ji daɓen ya yi wani tauri baƙo, ƙafafu sun yi nauyi. Daƙiƙu kaɗan ne ya wuce, amma a nan ne mutane ke tuntuɓe, don haka kada a yi gaggawa.

Ƙarin salo

Idan dannawar ta zauna maka har kana iya yinta kana hira, sai ka shigo da tafiya a wuri ɗaya, kana ɗaga gwiwa ɗaya bayan ɗaya, hannuwa na kaiwa da komowa. Daga nan sassarfa. Daga nan buɗe ƙafafu da haɗe su, hannuwa na tashi zuwa kafaɗa. Akwai almakashi, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya ana musanyawa, akwai kuma murɗa ƙugu dama da hagu ƙafafu a haɗe. Murɗawar nan mai ciwon baya ya bar ta. Salo ɗaya sabo a mako ya wadatar, kuma alkafura ko sauka a kan ɗuwawu ba su cikin lissafi, na'urar ba a yi ta don haka ba.

Kowane zama ya fara da minti 3 na dannawa a hankali don jiki ya ɗumama, ya ƙare da wasu minti 3 irinsu, sannan a miƙe sharaɓa a jikin bango. Ka riƙa ƙara minti 2 ko 3 duk mako har ka kai minti 20 zuwa 30. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Minti 30 sau biyar ya kai ka 150. In rabawa ya fi maka, 15 bayan asuba da 15 bayan la'asar sakaliya, duk ɗaya ne.

Gwajin ƙarfin aikin ba ya buƙatar wata na'ura. In kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, kana matsakaici. In kalma biyu ko uku kawai ke fita kafin ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani. Bayan wata guda za ka iya cakuɗa su: daƙiƙa 30 na sauri, minti 1 na sassauci, sau shida ko takwas.

Maganar rage ƙiba

Masu tallarsa a intanet na yawan ambaton NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suna cewa minti 10 a kansa ya fi rabin awa na gudu. Binciken da suke jingina da shi an buga shi a 1980, samari 8 ne kacal aka gwada, a kan babban tarampolin, kuma ba rage ƙiba aka auna ba. Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne na Jami'ar Wiskonsin da ke La Kuros a 2016, inda ɗalibai 24 suka yi atisaye a kan ƙarami. Maza sun ƙona kusan kalori 12 a minti, mata kusan 9 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wanda aiki ke ƙonawa), kuma ɗaliban sun ji aikin bai kai wahalar da bugun zuciyarsu ya nuna ba. Wannan shi ne alherinsa na gaskiya: abin da ba ya gundurar mutum shi ake ɗorewa a kai.

To mu yi lissafi. A ce minti 20 sun ƙona maka kalori 200. Sau biyar a mako, 1,000 ke nan. Kilo 1 na kitsen jiki kuwa kusan kalori 7,700 ne. Wato da tsalle kaɗai, ba a taɓa kwano ba, sai an yi kusan wata biyu kafin kilo guda ya tafi.

Ga ɗaya gefen. Ƙaramin cokalin suga kalori 16 ne. Mai zuba cokali uku a kofin shayi, ya sha kofi huɗu daga safe zuwa hirar dare, ya sha kusan kalori 190, wato duk zufar da ya yi ta koma a butar shayi. A nan yankin, daga majalisun Marwa har rumfunan Injamena, kofi huɗu ma na mai kunya ne. Kwalbar Coca-Cola ta santilita 33 kusan kalori 140 ce. Ƙara da makala da ƙosai na safe, da zoɓon da aka cika wa suga, da man da ke iyo a kan miya. Ba na cewa a daina tuwon dawa da miyar kuka ko yakuwa, su ba su da laifi. A rage malmala, a yawaita ganye da wake da kifi, a mayar da cokali uku ya zama ɗaya. Wanda ya haɗa wannan da tarampolin zai ga canji, wanda ya riƙe tarampolin kaɗai zai samu ƙarfin numfashi da barci mai daɗi, amma wandonsa ba zai saki ba da wuri.

Kada ka riƙa hawa sikeli kullum, yana tashi yana sauka da ruwan da ka sha. Ari tef ɗin tela ka auna ƙugu daidai cibiya sau ɗaya a mako biyu. Abin da ake so shi ne awon ƙugu ya gaza rabin tsayinka. Kuma babu salon da ke cire tumbi shi kaɗai, jiki ne ke zaɓar inda zai fara zubar da kitse.

Waɗanda za su dakata

Mai ciki ta bar shi sai bayan ta sauka. Mai jego kuma, musamman wadda aka yi wa tiyata, sai ungozoma ko likita sun ba ta izini. 'Yar'uwa, in kin ga fitsari na ɗan zubo miki yayin tsalle, wannan ya zama ruwan dare ga matan da suka haihu, ba abin ɓoyewa ba ne. Ki kewaya kafin ki hau, ki tsaya a dannawar da ƙafa ba ta barin shimfiɗa, ki tambayi ungozoma atisayen tsuke tsokar mara. Ki kuma sa rigar mama mai kamawa sosai.

Mai hawan jini da bai daidaita ba, mai ciwon zuciya, mai ƙaba, wanda aka yi wa aikin ido ko na gaɓa kwanan nan, da mai raunin ƙashi, su ga likita tukuna. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura kada ya hau da yunwa, kuma ya sa kambas ya riƙa duba ƙafarsa bayan ya gama. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, ko ganinsa ya dushe, ko wani zafi mai suka a gaɓa, ya sauka nan take.

A lokacin bazara a sha ruwa kafin a hau da bayan an sauka. Da azumi, a bari sai bayan buɗa baki da awa ɗaya ko biyu, ko bayan tarawihi, kuma a rage mintuna.

In an gama a goge shimfiɗar da jiƙaƙƙen tsumma, a jingine shi a cikin ɗaki inda rana ba ta kai, a rufe da tsohon zani saboda ƙura. Sifirin da ya fara kuka ɗigon man keken ɗinki ya ishe shi, amma kada mai ya taɓa igiyar roba. Duk Juma'a a juya shi a ƙara ɗaure ƙafafun, suna kwancewa da kansu. Yaran gida kuwa za su yi masa caa tun ranar da ya shigo: mutum ɗaya ke hawa a lokaci guda, 'yan ƙasa da shekara 6 ba sa hawa, sauran kuma sai da babba a tsaye kusa.