Yadda Ake Zubar da Ruwan Tankin Birkin Iska a Babbar Mota

Kwamfaresa, wato famfon da ke matsa iskar birki, ba iska kaɗai yake turawa cikin tanki ba, har da danshi da ɗan baƙin mai. Su ne ke kwanciya a ƙasan tankin, su haifar da tsatsa, su lalata bawul. Shi ya sa ake zubar da su kullum bayan an tashi aiki.

Da farko ka tsayar da motar a wuri mai lebur, ka ja birkin ajiya, ka sa waigi a tayoyi. Bar injin ya cika iska zuwa wajen 120 psi (ma'aunin ƙarfin iska) a agogon iska, sannan ka kashe shi.

Fara da tankin da ke karɓar iska daga kwamfaresa, domin nan ruwa ya fi taruwa. Ja wayar bawul ɗin ƙasansa, ko ka murɗa shi a hankali. Kawar da fuskarka, feshin yana da ƙarfi. Kada ka saki sai iska ta fito a bushe, sannan ka bi sauran tankunan.

Dubi abin da ya zuba a ƙasa. Ruwa mai yawa na nuna na'urar busar da iska ta gaji. Baƙin mai mai kauri kuwa, matsalar kwamfaresa ce, sai makanike.

Rufe bawul sosai, ka tada injin, ka saurari yoyo. Kumfar sabulu kan tona inda kunne bai ji ba.