Yadda ake horar da hannun dama don jitar thrash metal

Mai koyo yakan zuba ido kan yatsun da ke yawo a wuyan jita, alhali a thrash metal, wani salon kiɗan rock mai gudu da tauri, aikin yana hannun da ke riƙe da fik, wato ɗan abin da ake kaɗa tsirkiya da shi. Saurari faifan Master of Puppets da ƙungiyar Metallica ta fitar a 1986. A waƙar da aka sa wa faifan sunanta, mai jitar ƙungiyar, James Hetfield, yana dukan tsirkiya zuwa ƙasa ne kusan ko'ina, a gudun da ya haura bugu 200 a minti. Daga nan taurin kiɗan yake fitowa.

Nemi fik mai kauri, milimita 1 ko fiye, ka riƙe shi yadda bakinsa kaɗan ne zai leƙo. Sai ka kwantar da gefen tafinka a kan tsirkiyoyin, daidai inda suka ƙare a gindin jitar. Wurin nan yana da tsarabe-tsarabe. Ka matsa gaba kaɗan, sautin ya mutu murus. Ka ja baya, tsirkiya ta saki baki tana ta amo. Abin da kake nema yana tsakani, wani "jug-jug" gajere mai nauyi. Ni da kunne nake nemansa, ina gusar da hannu a hankali har ya faɗo.

Kunna metronom, wato na'urar da ke ƙidaya bugu, a 100. Daki tsirkiya mafi kauri, ta E, sau biyu a kowane bugu, duka zuwa ƙasa, na minti biyu ba tsayawa. In ya fita tsaf, ƙara 5. Motsin daga wuyan hannu yake, ba daga gwiwar hannu ba, kuma da zarar damtse ya sandare ka ajiye jitar. Wanda ya matsa wa kansa a nan ciwo zai samu, gudu kuwa ba zai zo ba.

Bayan haka sai sukuwa: duka ɗaya dogo, biyu gajeru, kamar kofaton doki. Ƙasa, ƙasa-sama, ƙasa. Gudun ƙungiyar Slayer a faifan Reign in Blood, wanda shi ma na 1986 ne kuma bai cika minti 30 ba, yawanci da ƙasa-sama ake cimma shi. Wannan ya fi sauƙin samuwa, shi ya sa nake cewa a bar shi sai daga baya.

Hannun hagu yatsa biyu sun ishe shi a farko.

Amfilifaya kuwa, rage mata ƙazantar sauti. Kaurin da kake ji a faifai yawanci jita ce aka naɗa sau biyu ko fiye, ɗaya a dama ɗaya a hagu. In ka murɗa maɓallin ƙazantar sautin har ƙarshe, zai rufe maka kurakuranka ne kawai. Naɗi kanka da waya tare da metronom, ka saurara ko dukanka yana riga bugun sauka.