Yadda ake riƙe lissafin gidan haya

Abin da ke ruɗar mai gidan haya a Kano shi ne kuɗin yana shigowa a dunƙule, sau ɗaya a shekara, ɗawainiyar gidan kuwa tana zuwa gutsure-gutsure har wata goma sha biyu. Wanda ya ɗauki dunƙulen nan a matsayin riba, damina ce za ta tona masa asiri.

Fara lissafi tun kafin ka saya. A ce gida mai fulat biyu ya tsaya maka naira miliyan 40, har da la'adar dillali da kuɗin lauya da na takardu. In kowane fulat yana kawo miliyan 1.2, ka samu miliyan 2.4, wato kashi 6 cikin ɗari na jarinka. Yanzu cire 240,000 na wakilin da ke kula da gidan, cire 200,000 na wata guda da gida kan zauna babu kowa tsakanin fitar wani da shigar wani, cire 360,000 na gyara. Saura miliyan 1.6, kashi 4 ke nan. Da wannan adadin za ka yanke shawara, ba da na bakin dillali ba.

Sai ka buɗe wa gidan asusun banki nasa daban. Ranar da haya ta shigo, a ranar za ka ware kuɗin gyara, kafin cefane da biki su gan shi.

Gyara shi ne inda kuɗi ya fi zurarewa. A hau rufi a watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka: a sake ƙusoshin da suka saki, a toshe huji, a share indararo. Kwano ɗaya da aka ƙyale yana yoyo zai ruɓar da katako, ya zubar da silin, ya kumbura fenti, aikin yini ɗaya ya koma na mako biyu. Kwashe shadda da gyaran injin burtsatse su ma ba sa sallama, a sa su a lissafi tun farko. Tunda darajar naira tana zaizayewa, gara a mayar da wani ɓangare na ajiyar ya zama kwano ko tayil. Ban da siminti: in ya daɗe ya sha danshi, daskarewa yake yi.

Wuta kuwa, kowane fulat da mitarsa mai kati. In babu ita, ɗan haya yana iya tashi ya bar bashin kamfanin wuta na KEDCO, kuma gidanka za a zo yanke wa waya. Karɓi kuɗin ajiya na ɓarna, ɗauki hoton ƙofofi, famfo da makunnai ranar miƙa makulli, a rubuta komai a yarjejeniya da shaidu, ko da ɗan hayar ɗan uwa ne. Musamman ma in ɗan uwa ne.

Kada ka bar kuɗin ƙasa na shekara da ake biyan gwamnati ya taru a KANGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar Kano, don ranar da za ka sayar ko ka jinginar da gidan zai tare ka gaba ɗaya. In kamfani ne ya kama hayar, zai cire kashi 10 na haraji kafin ya biya ka. Nemi takardar shaidar cirewar ka adana. Ƙarin haya kuma a sanar da shi a rubuce watanni kafin wa'adi ya cika, kuma a auna: ƙarin 100,000 da zai kori mai biya a kan lokaci, fulat ya yi wata biyu a rufe, asarar 200,000 ce.