Yadda ake kashe tarwaɗa ba tare da an azabtar da ita ba

Ina kiwon tarwaɗa a tankunan siminti a bayan gidana, kuma abin da na fi gani wurin masu saye, tun daga uwargida har mai banda, shi ne a zuba kifi a buhu ko bokiti, a watsa masa gishiri cike da hannu, a danne murfi, a jira ya gama buge-bugensa. Wasu ma tafasasshen ruwa suke kwarara masa da ransa. In ka yi magana sai a ce ai kifi ba ya buƙatar yanka. Gaskiya ne, Manzon Allah (SAW) ya ce game da teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Amma shi ɗin ne kuma ya ce, a hadisin Shaddad ɗan Aus da Muslim ya ruwaito, Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, in za ku kashe to ku kyautata kisa. Halaccin naman bai sauke mana wannan nauyi ba.

Masu cewa kifi ba ya jin zafi hujjarsu ita ce ba ya kuka. A 2003 wata masaniya, Lynne Sneddon, da abokan aikinta a cibiyar Roslin ta Sikotlan sun gano jijiyoyin jin ciwo a fuskar wani kifin ruwan sanyi. Da suka sa masa sinadari mai zafi a leɓe, sai ya riƙa goga bakinsa a tsakuwa, ya ƙi cin abinci na wani lokaci. Ita kuwa tarwaɗa wahalarta ta fi tsawo, don Allah ya yi mata wani sashe a cikin kai da take shaƙar iska da shi kai tsaye. Shi ya sa take rayuwa a laka in ruwa ya janye, shi ya sa kuma in ka ajiye ta a ƙasa za ta yi sa'o'i tana fama ba ta mutu ba. Ga shi ba ta da ɓawo a jiki, gishirin kan fata yake sauka kai tsaye. A ƙasar Holan, inda aka daɗe ana kashe wani dogon kifi mai kama da maciji da gishiri, tun 2018 doka ta tilasta a sumar da shi tukuna.

Aikin yana farawa tun jajiberi. Ka daina ba kifayen abinci kwana guda kafin kamu, cikinsu ya zama wayam, ruwan baho ba zai gurɓace da kashi da amai ba. Ka yi kamun da sassafe kafin rana ta yi zafi, ka ajiye su cikin ruwa a inuwa, kada ka cusa su har na ƙasa ya kasa ɗago kai ya shaƙi iska. Ɗaya bayan ɗaya za a ciro, sauran su zauna a ruwa har layi ya zo kansu.

Ka tanadi jiƙaƙƙen buhu ko tsohon tawul, katako mai faɗi, wuƙa mai kaifi, da guntun icce mai nauyi kamar ƙotar gatari. Ka lulluɓe kifin da buhun, kai kawai a waje. Wannan zai hana shi sulɓewa, ya kuma kare ka daga ƙayoyin nan biyu na gefen wuya, waɗanda duk wanda suka taɓa soka ya san raɗaɗinsu. Ka kwantar da shi a kan cikinsa, ka danne bayan kai da hannu ɗaya, ka yi dukan a tsakiyar kai, can kaɗan bayan idanu, inda ƙwaƙwalwa take. Ƙoƙon kan tarwaɗa ƙashi ne mai kauri, don haka dukan tsoro ba ya sumar da ita, ciwo kawai yake ƙara mata. A nan tausayi shi ne ka sake hannu da ƙarfi sau ɗaya. In kifin ya kai kilo 2 ko fiye, a samu namiji mai ƙarfi ko wanda ya saba, kada a ba yaro ya koya a kansa.

To, yaya za ka san ya suma? Kada ka kalli wutsiya, tana iya motsi ko bayan mutuwa. Ka kalli marufin kuncinsa, wato murfin nan na gefen kai da ke rufe jan naman da yake numfashi da shi: in yana buɗewa yana rufewa a jere, da sauran hayyacinsa. Sannan ka juya shi gefe ka dubi idon. Kifin da ke cikin hayyacinsa idonsa yakan juya don ya daidaita, wanda ya suma kuwa idon yana nan a ƙafe yana bin kai duk inda ka karkata shi. In ka ga alamar rai, ka ƙara duka nan take, ba shawara.

Da ya suma kada ka tsaya, don yana iya farfaɗowa. Ka sa wuƙa ta ƙarƙashin marufin kunci ka yanke jan naman nan da yake numfashi da shi, ko ka datse ƙashin baya daidai ƙarshen kai. Ka sa shi a ruwa mai sanyi jinin ya tsiyaye. Naman da aka yi wa haka ya fi fari da tauri, ƙarninsa ya fi sauƙi, kuma bai cika saurin lalacewa ba kamar na kifin da ya ƙare ƙarfinsa yana kokawa a buhu.

Yanzu ne lokacin gishiri da ruwan zafi da lemon tsami, don cire yauƙi, kuma suna cire shi tsaf a jikin mataccen kifi kamar yadda suke yi a mai rai. Masu banda da ke sarrafa kifi da yawa su kasa aikin: mutum ɗaya na riƙo da duka, na biyu na yanka, na uku na wanki, kuma a canji mai dukan in hannunsa ya fara sanyi. Ke kuma uwargida, in a kasuwa kika saya kuma ba ki da mai yi miki a gida, ki ce wa mai kifin ya sumar ya yanke a gabanki kafin ya sa a leda. In dole sai da rai za a kai gida, a ɗauko shi a bokiti da ɗan ruwa, a bar murfin da kafar iska.