Kurakuran da ƴan lise ke yi a lissafin F = m × a

Shekara uku ke nan ina koyar da yaran unguwarmu fizik da yamma a nan Garwa, yawanci ƴan lise, wato babbar sakandare, masu shirin bak, jarrabawar kammala ta, kuma wallahi kuskuren nasu kusan iri ɗaya ne kullum, yaro ya haddace dokar Newton ta biyu tsaf, F = m × a, wato ƙarfi (F) daidai yake da mas (m) sau yawan canjin gudu a kowane sakan (a), amma da an ba shi lissafi sai ka ga ya tsaya yana cizon biro.

Babbar matsalar daga bakinmu take. Mu a Hausa komai nauyi ne, buhun gero mai kilo 50 sai mu ce nauyinsa kilo 50. To a fizik abu biyu ne. Kilo 50 ɗin nan shi ake kira mas, wato yawan abin da ke cikin buhun, ko duniyar wata ka kai shi yana nan a 50. Nauyi kuwa ƙarfi ne, jan da ƙasa ke yi wa buhun, da niyuton (N) ake auna shi, ana ninka mas da g, wato ƙarfin jan ƙasa a kan kowane kilo, wanda a nan duniya 9,8 ne, 50 × 9,8 = 490 N. A duniyar wata inda g wajen 1,6 ne sai ya koma wajen 80 N. Saboda haka in ka ga kg gurbin m za shi, in ka ga N ƙarfi ne, kar ka cusa 490 a wajen m don Allah.

Sai wanda ya fi ba ni haushi, F ɗin nan fa ba turin da ka yi kaɗai ba ne, abin da ya rage ne bayan an haɗa duk ƙarfin da ke kan abu. Ɗauki mai pus-pus, wato keken turi, ya loda albasa a kasuwa, duka da keken kilo 120, yana turi da 200 N, yashi na riƙe tayoyin da 140 N. Yara sai su yi sauri su raba 200 da 120. A'a ƙanena, 200 a cire 140 saura 60, sannan 60 ÷ 120 = 0,5 m/s². Shi ya sa nake tilasta musu zane kafin su taɓa kalkuleta, ɗan akwati, kibiya ga kowane ƙarfi, ka zaɓi gefen da za ka kira +, duk kibiyar da ta juya baya ta ɗauki −.

Guga a rijiya ma haka. Guga cike da ruwa kilo 10, kana jan igiya da 120 N, nauyinsa 98 N na ja ƙasa, saura 22 N, a = 2,2 m/s² sama. Wata yarinya ta taɓa haɗa min 120 da 98, na ce mata to ashe ƙasa ma taya ki jan gugan take yi, ajin duka aka kwashe da dariya, ba ta sake ba.

Awo kuma shi ke cinye maki a banza. Giram 500 sai an mai da shi 0,5 kg. Mashin da ya tashi daga tsaye ya kai 36 km/h cikin sakan 5, fara raba 36 da 3,6 ka samu 10 m/s, sannan 10 ÷ 5, a = 2 m/s², ba 7,2 ba.

Akwai wanda har manya ke musu da ni a kansa. Mota na sheƙa gudu a miƙaƙƙen titi hanyar Marwa, allura tsaye cak a kan 60, nawa ne ragowar ƙarfi? Sifili. Injin na turi, eh, amma iska da gogayyar titi sun cinye turin daidai wa daida, gudun ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, a = 0. Sai direba ya ƙara taka totur ko ya taka birki ko ya sha kwana sannan F ta bar sifili.