Yadda za ka ci moriyar shekararka ta farko bayan kammala jami'a, idan kai ɗan Kebbi ne

Makonni biyu na farko bayan ka dawo gida daga Aliero, ko Sakkwato, ko Zariya, kowa barka yake yi maka. A mako na uku ne tambayar ke soma fitowa, daga bakin gwaggo, daga bakin mai shayin unguwa, har daga ƙannenka: "To, yanzu kuma sai me?" Na sha wannan tambaya har na fara ƙin fita bayan La'asar. Abin da na gane daga baya shi ne, daga ranar jarrabawar ƙarshe zuwa ranar karɓar takardar kammala bautar ƙasa, mutum na da lokaci da ɗan kuɗin da ba lallai su sake haɗuwa a hannunsa ba tare da nauyin iyali ba. Yawancinmu a jiran takardar aikin gwamnati muke ƙarar da su. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi da wannan lokaci.

Mataki na farko: gyara takardunka tun kafin ƙura ta lafa

Ka baje takardunka a kan tabarma: ta WAEC ko NECO, ta JAMB, katin NIN, takardar haihuwa da sakamakon makaranta. Ka duba suna harafi bayan harafi, ka duba ranar haihuwa. Ni harafi biyu a sunan mahaifina suka bambanta tsakanin takardar JAMB da abin da makaranta ta rubuta, kuma a kan haka rukunin abokaina ya tafi sansanin bautar ƙasa ya bar ni, na ƙara watanni ina zirga-zirgar gyara. Ka tabbatar sunanka na cikin jerin ɗaliban da JAMB ta amince da shigarsu, domin idan babu shi a can, hukumar bautar ƙasa, NYSC, ba za ta kira ka ba ko da makaranta ta aika sunanka. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala karatu, takardar yafe hidima ake ba shi, sai ya san tun da wuri lissafinsa daban ne. Ka karɓi takardar shaidar ƙaramar hukumarka, ka ɗauki hoton kowace takarda ka aika wa kanka ta imel.

Mataki na biyu: watannin jira

Nan ne ake asara mafi girma, kuma ba a jin zafinta a lokacin. Tsakanin fitowar sakamako da takardar kira ana iya shafe wata uku, shida, ko fiye. Zaman majalisa da kallon ƙwallo na cinye su kamar wuta a busasshiyar ciyawa.

Mu kuwa Allah ya ba mu abin da wasu jihohi ke nema ruwa a jallo. Ba banza ba aka zo Zauro a watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba manoman shinkafa rance. Fadamar da ta taso daga Augie ta bi ta Argungu da Birnin Kebbi har Bunza da Suru tana ba da shinkafa damina da rani. Ga injinan casa na WACOT a Argungu da Labana a Birnin Kebbi masu sayen shanshera. Ga albasar Aliero da ake lodi zuwa kudu da ƙasashen maƙwabta, ga kifin Yauri, ga kasuwar Jega da ta Kamba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na buƙatar wanda ya iya rubutu da lissafi da waya.

Kawuna dillalin albasa ne. Wata rana ya same ni kwance da hantsi, ya ce, "Ɗana, tashi ka riƙe mini littafi, idona ya fara gajiya." Na bi shi ba da son raina ba. A wata biyu na koyi abin da aji bai koya mini ba: yadda ake gane albasar da za ta jure ajiya daga taurin wuyanta da bushewar ɓawonta, dalilin da ya sa farashi ke faɗuwa warwas lokacin kwasa a ƙarshen rani, ya kuma tashi idan damina ta yi nisa, da yadda ruɓa ke cinye ribar wanda ya zuba ta a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Na kuma gano bashin da ya manta yana bi, domin a ka yake riƙe da komai. Ranar ya dube ni ya ce, "Ashe bokon nan na da rana." Ka nemi irin wannan wuri, ko shagon gyaran waya ne, ko wajen masu haɗa sola, ko kantin magani idan fanninka ne. Kada ka tsaya tambayar nawa za a ba ka.

Mataki na uku: sansani da wurin hidima

Hukumar NYSC, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, an gina ta ne a kan tura mutum wajen jiharsa. Don haka kamar yadda ake kawo 'yan Inugu da Ibadan sansanin Dakingari, kai ma ka shirya ganin wata ƙasa. Ka yi tafiyar rana, ka hau mota a tasha, ka kwana a gari idan dare ya riske ka. Mako uku ne a sansani, kuma a cikinsu akwai darussan koyon sana'a da ake kira SAED. Da yawa barci suke yi a wurin saboda gajiyar fareti. Ka daure ka zaɓi sana'a guda wadda za ta ci kasuwa a gida, ka karɓi lambar mai koyarwa don ci gaba bayan sansani.

Kafin ka nemi a dawo da kai kusa da gida, ka yi tunani sau biyu. Idan dalilin lafiya ne ko tsaro, hukuma ta tanadi hanya, ka bi ta. Idan kewar tuwon Inna ce kawai, ka zauna. Wanda ya yi shekara a Ibadan ko Fatakwal ya san kasuwar da albasarmu da shinkafarmu ke sauka, ya san mutanen da ke saye, kuma wannan sanayyar jari ce. Yawancin masu hidima makaranta ake tura su. Ka koyar tsakani da Allah, ka riƙa zuwa tantancewar wata-wata, domin wanda ya yi fashinta alawus ɗinsa ke tsayawa, wani lokaci har a ƙara masa wa'adi.

'Yan'uwa mata masu aure na iya neman a bar su a jihar da mijinsu yake, idan sun gabatar da shaidar aure. Wadda kuma ake maganar aurenta a wannan shekara, ta zauna da iyaye da manemin tun kafin a sa rana a yi maganar aiki ko sana'a a fili. Abin da ba a faɗa ba kafin ɗaurin aure yakan yi wuyar faɗa bayansa.

Mataki na huɗu: alawus

Daga naira 33,000 an ɗaga shi zuwa 77,000, aka fara biyan sabon a 2025. Da tsadar yau ba wani abin a zo a gani ba ne, amma yana zuwa kowane wata. Ranar da ya shigo, kafin ka sayi ko katin waya, ka cire naira 20,000 ka tura asusun da ba ka riƙe da katinsa. A wata goma sha ɗaya ka tara 220,000. Adashi ma na yi, idan uwar adashin sananniya ce. Ka nisanci cacar ƙwallo ta waya da duk wani shirin da ya yi alkawarin ninka maka kuɗi a mako biyu.

Abu mai wuya shi ne gida. Da an ji ka fara karɓa, buƙatu za su taso, kuma yawancinsu na gaskiya ne. Ni zama na yi da mahaifiyata na ce, "Inna, ga abin da zan riƙa aiko miki duk wata, saura kuma jari nake tarawa." Ta ce, "Allah ya yi albarka, ka riƙe abinka." Daga nan ita ce ta riƙa tare mini masu roƙo.

Mataki na biyar: zaɓi hanya kafin wata na tara na hidima

Ka nemi aikin gwamnati duk lokacin da aka buɗe shafi, amma kada ka ba kowa kuɗi don ya saya maka gurbi. Na san gidan da aka sayar da gona saboda haka, takardar da aka kawo kuma ta bogi ce. Idan koyarwa ta kwanta maka a rai kuma ba ilimin koyarwa ka karanta ba, ka yi diflomar koyarwa ta PGDE, wadda Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ma na bayarwa, sannan ka yi rajista da hukumar rajistar malamai, TRCN. Digiri na biyu na da kyau ga mai son zama malamin jami'a ko wanda fanninsa ya buƙata. Wanda zai shiga don gudun tambayar mutane kawai, ya ɗaga matsalar ne zuwa shekara biyu, ya kuma ƙara wa iyaye nauyi.

Idan sana'a ka zaɓa, ka daidaita lissafinka da kalandar ƙasarmu. Mai son noman rani ya kama fili ya yi maganar rijiya da injin ban ruwa tun kafin Disamba, ya kuma saka kuɗin fetur da taki a lissafi kafin na iri, domin su ne ke karya sabon manomi a tsakiyar aiki. Mai son ajiya ya tanadi wuri kafin kaka. Ka fara da kaɗan, rabin abin da ka tara, ka bar rabi don gyara kuskuren farko. Ka sayi littafi mai kauri ka rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita, har kuɗin ɗan dako. Idan abu ya fara tsayawa da ƙafarsa, sai ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ka buɗe masa asusun banki nasa, domin kamfanonin casa da masu ba da rance takarda suke fara tambaya kafin su saurare ka.