Kurakuran da Ɗalibai Suka Fi Yi Wajen Gwada Tasirin Danshi a Kan Asarar Wutar Lantarki

Yawancin ɗaliban da suka ɗauko wannan gwaji tun daga tushe suke ɓata shi. Sai su samo wayar jan ƙarfe, su cusa ta cikin akwatin roba, su hura mata tururi, su zuba wa mita ido suna jiran turjiyar wayar, wato yadda take hana lantarki wucewa, ta canza. Ba za ta canza saboda danshi ba. Lantarki a cikin ƙarfe yake gudu, ruwan da ke cikin iska kuwa ba ya shiga ƙarfe. Inda danshi yake ɓarna a layukan wuta wuri biyu ne: jikin insuleta, wato kwanukan tangaran ko gilas da ke riƙe waya a jikin turke, da kuma iskar da ke kewaye da wayar. Duk gwajin da bai nufi ɗaya daga cikinsu ba, wani abu dabam yake aunawa.

To me ya sa wasu suke ganin allurar mita ta motsa? Zafi ne. Turjiyar jan ƙarfe da ta alminiyum tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri ɗaya na ma'aunin Selsiyos. Tururin tafasasshen ruwa ya ɗumama waya da digiri 10, turjiya ta hau da kusan kashi 4, ɗalibi ya rubuta cewa aikin danshi ne. Gyaran shi ne a rabu da tururi gaba ɗaya. A sa ruwan gishiri mai kauri, wanda har gishirin ya daina narkewa, a cikin akwati rufaffe. Gishirin girki yana tsayar da danshi a kusan kashi 75, magnesiyam kulorayid a kusan 33, fotasiyam kulorayid a kusan 85. A bar akwatin ya kwana kafin a ɗauki awo, ma'aunin zafi kuma yana ciki.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne wanke insuleta tas kafin gwaji. Tsaftataccen gilas ko a iska mai laima kaɗan ƙwarai yake zubar da lantarki, domin ruwa zalla ba ya ɗaukar wuta sosai. Abin da ke faruwa a layi na gaske haɗin baki ne tsakanin datti da ruwa: ƙura, gishirin iskar teku da hayaƙin masana'antu su kwanta a kan insuleta, raɓa ta sauka ta narkar da su, sai hanya ta buɗe wa lantarki ya sulale zuwa turke. Saboda haka a tanadi fallen gilas biyu, ɗaya mai tsafta, ɗaya a shafa masa ruwan gishirin da aka auna a bar shi ya bushe. A manna wa kowanne takardar alminiyum a gefe biyu, tazara iri ɗaya, a haɗa takardun da batir da mita, a sa fallen cikin akwatin. Wanda ya yi haka zai ga abin sha'awa: fallen mai gishiri yana nan shiru a kashi 33, amma da danshi ya haura 75 gishirin ya fara jan ruwa daga iska, kwararar lantarki ta yi tsalle. Wannan tsallen shi ne darasin, kuma wanda ya ja miƙaƙƙen layi a kan sakamakonsa ya ɓoye shi.

Kwararar ƙanƙanuwa ce, ta maikuro-amfiya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na amfiya, ma'aunin kwararar lantarki, mitar makaranta kan nuna sifili. A jera rizisto, wato ɗan abin da ke rage kwararar lantarki, mai turjiyar megom 1 a layin, a auna bolt ɗin da ke kansa: bolt 1 daidai yake da maikuro-amfiya 1. Kada a taɓa gilashin da yatsa, gumi ma gishiri ne.

Sai batun korona, wadda ba ruwanta da cutar nan. Ita ce ƙarar tsiii da ake ji a ƙarƙashin manyan layuka bayan ruwan sama, lokacin da iskar da ke jikin waya ta fara ɗaukar wuta. Iska ba ta yin haka sai ƙarfin ya kai kusan bolt 30,000 a kowace santimita. Batirin bolt 12 ba zai taɓa kawo ta ba, kuma neman ta da taransifoma a aji wasa da rai ne. Mili-amfiya 30 kacal a jikin mutum haɗari ce. A bar wannan ɓangaren ga kwamfuta, a yi amfani da lissafin injiniyan Amurka F. W. Peek. A nan ma akwai tarko: lissafin ya ƙunshi zafi, nauyin iska, kaurin waya da yanayin jikinta, amma babu gurbin danshi kai tsaye. Ɗigon ruwan da ke maƙale a waya, wanda yake zama kamar tsini, shi ke jawo korona da wuri, don haka gurbin yanayin jikin waya ake ragewa idan ana kwaikwayon ranar ruwa.

A rahoto kuma a rubuta zafi kusa da kowane kason danshi. Iska mai digiri 20 ba ta riƙe fiye da kusan giram 17 na ruwa a kowace mita kiyubik, mai digiri 30 tana riƙe kusan 30, don haka kashi 60 na safe da kashi 60 na rana ba ruwa ɗaya suke nufi ba.